Sulallan Jamus na Baba Sulaimanu

A cikin mikrobas, ƙaramar motar hayar da ke tashi daga Abbasiya zuwa Madinat Nasr a birnin Alƙahira, na fara haɗuwa da Baba Sulaimanu. Ina waya da ƙanwata da ke Gusau, ina yi mata faɗa kan wata maganar gida, sai na ji an dafa kafaɗata daga baya. Na waiga na ga wani dattijo siriri, sanye da farar jallabiya irin ta mutanen Sudan wadda ta sha wanki har ta fara sanyi.

"Ɗana, bi ta a hankali mana," ya ce. "Duk motar nan ni kaɗai nake jin abin da kake faɗa, amma ni ma kunya ta kama ni."

Hausarsa tsohuwa ce, irin wadda na taso ina ji a bakin kakata, sai dai Larabcin Sudan yana leƙowa ta ko'ina. Kafin mu kai inda zan sauka ya san sunana Abdurrahim, ya san karatu ya kawo ni Azhar, ya karɓi lambar wayata. Shi kuwa bai jira an kai shi Arba wa Nus inda yake zaune ba. Da mota ta tsaya cikin cunkoso, sai ya buɗe ƙofa ya dira, ya ce gara ya ƙarasa da ƙafa.

Haka yake. Na sha zama da shi wurin matan Sudan masu sayar da shayi a bakin titi, ban taɓa ganin ya shanye kofi a zaune ba. Zai kurɓa, ya miƙe, ya je ya duba wani abu a tsallake, ya dawo ya ci gaba da magana daga inda ya yanke. Tarihinsa ma guntu-guntu na same shi, wani a tsaye, wani muna tafe.

A Wad Madani ta ƙasar Sudan aka haife shi. Kakan mahaifinsa Bakano ne, fatauci ya kai shi Garwa a zamanin da Jamus ke riƙe da ƙasar Kamaru, daga can ya ɗaura niyyar Hajji da ƙafa shi da iyalinsa. Tafiya ta yi tsawo, guzuri ya yi ƙasa, suka yada zango a bakin Nilu don su yi noma su tara abin ƙarasawa, zangon ya zama gida. Shi Baba Sulaimanu yana yaro aka kai shi kasuwar Umdurman ya koyi ƙirar azurfa. Ya iya, hannunsa kuma ya yi kyau, amma zaman shago ya gagare shi. Ya yi yaron mota a hanyar Nyala, ya yi girbin riɗi a Gadarif, ya yi dako a tashar jiragen ruwa ta Port Sudan, ya leƙa Libiya ya dawo da ciwon ƙirji. Sai da ya auri Mahasin, aka haifi 'yarsu Hadeel, sannan ya koma kan sana'arsa ya buɗe ɗan shago. Mundaye, zobba, ƙarau na ƙafa, duk yana yi. Mata kan kawo masa tsofaffin riyalolin azurfa da suka gada, ya jefa su a kasko ya narkar, ya ƙera musu abin da ake yayi.

Yaƙin da ya ɓarke a Khartoum a shekarar 2023 ya cinye shagon da duk kayan aikinsa. Suka fito su uku a bayan babbar mota, suka yi makonni a Halfa, bakin iyaka, suna jiran izinin shiga Masar, suka iso Alƙahira da jaka ɗaya. Abin da ya tsira na daraja shi ne wata 'yar jakar fata da Mahasin ta ɗaure a ƙugunta ƙarƙashin tufa. A ciki akwai manyan sulallan azurfa, ba su kai goma ba, ragowar guzurin mutumin Garwa. A gidansu kuɗin Jamus ake ce musu. Ba a taɓa huda su ba, ba a taɓa kashe su ba, sun yi baƙi ƙirin don tsufa. Ko a lokacin da yake narkar da na mutane, waɗannan bai taɓa kai hannu gare su ba, don mahaifiyarsa ta yi masa kashedi.

Alƙahira ba ta yi masa daɗi ba. Hadeel ta samu aikin ɗinki a wani ƙaramin kamfanin kayan yara, Mahasin tana haɗa turaren wuta tana sayar wa matan unguwa, shi kaɗai ne hannunsa ba komai. Da asuba yake fita. Ya zagaye Sagha, layin maƙeran zinariya da azurfa da ke kusa da masallacin Husaini, shago bayan shago, yana nuna musu tabon wuta a yatsunsa. Wani ya ce ya tsufa, wani ya tambaye shi takardar iƙama ta izinin zama a ƙasa, wani ya ba shi shayi ya ce ma'alish, wato ya yi haƙuri. Idan ya dawo gida sai ya kama gyaran abin da bai lalace ba. Mahasin ta gaya mini ya kwance murhun gas ɗinta ya ɗaura har ta daina ƙirgawa.

Wata rana ya kira ni ya ce ya yanke shawara. Zai sayar da kuɗin Jamus ya sayi 'yar fitilar narka ƙarfe, da awartaki, da ƙaramar uwar maƙera, ya kafa a saman benen da suke haya. An gaya masa akwai kasuwar da ake ci duk Asabar a tsakiyar gari, a kan titi kusa da wata tsohuwar silima, inda masu tara tsofaffin kuɗi ke haɗuwa. Yana so in raka shi, don Larabcin Masarawa yana gudu ya bar shi idan ciniki ya yi zafi.

Mahasin ba ta so ba. Ina ɗakin lokacin da ta ce masa, "Ya Hajj, na ɗauko su a cikina daga Umdurman, na kwana a kansu a Halfa, yanzu ka kai su titi?"

"Zama zai kashe ni, Mahasin. Ko su, ko ni."

Ta miƙa masa jakar ba ta dube shi ba.

Abin da bai gaya mini ba shi ne yadda ya yi da yinin Juma'a. Bayan an sauko masallaci ya hau saman bene da lemun tsami, da toka, da tsohon burushin haƙori, ya zauna ya dirje sulallan nan ɗaya bayan ɗaya. A sana'arsa ba a kai wa mai saye azurfa da datti, abin kunya ne. Ya goge su da tsumma har sai da suka riƙa ɗaukar ido. Ranar Asabar a cikin metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya buɗe jakar kaɗan ya nuna mini, yana alfahari. Ni ma da ban san komai ba na ce masa tamam, sun yi kyau.

Kasuwar ta cika maƙil. An baje tsofaffin agogo, rediyo, hotunan mutanen da ba wanda ya san su, cokulan azurfa, kan-sarki. Muka yi ta tambaya har aka nuna mana wani dattijon Bamasare mai suna Ustaz Isam, yana zaune bayan wani teburi mai gilashi. Ya yi shekaru yana yi wa Jamusawa 'yan yawon buɗe ido jagora, ya iya yarensu, da ya yi ritaya sai ya koma tara tsofaffin kuɗinsu na azurfa yana saye yana sayarwa.

Baba Sulaimanu ya juye jakar a kan wani jan ƙyalle. Ustaz Isam ya sa ɗan gilashinsa na duba ƙananan abubuwa a ido, ya ɗauki guda ta gefe da yatsa biyu. Ya daɗe yana dubawa. Ya ajiye, ya ɗauki wata. Da ya kai kan wata da ke da hoton wani sarki mai dogon gemu, sai ya cire gilashin ya dafe goshi.

"Wa ya wanke su?"

"Ni," in ji Baba Sulaimanu. "Jiya."

"Jiya!" Ustaz Isam ya ɗaga hannuwa sama. "Ya Hajj, haram alaik. Shekara ɗari da wani abu suna ajiye lafiya, ka rasa ranar da za ka taɓa su sai jiya?"

Na fassara masa sauran bayanin a hankali, don na ga fuskarsa ta fara canzawa. Masu tara irin waɗannan kuɗi ba hasken azurfa suke saye ba. Baƙin nan da ya kankare shi ne shaidar tsufansu, kuma toka ta bar zane-zane sirara a fuskar kowace, waɗanda ido ba ya gani amma gilashi yana nunawa. Yawancinsu na Prusiya ne, masarautar da ta fi girma a Jamus ta wancan zamani, an buga su da yawa, yanzu da aka goge su kuɗinsu bai wuce na nauyin azurfarsu da kaɗan ba. Amma mai dogon gemun nan ta wata ƙaramar masarauta ce da ba ta buga kuɗi da yawa ba. Da an kawo ta da baƙinta, ita kaɗai ta isa ta saya masa kayan aiki har da canji.

Baba Sulaimanu ya tattara abinsa. "Yalla, mu tafi. Wayo yake so ya yi mana."

Muka zagaya wurin wasu masu teburi. Duk wanda ya sa gilashi sai ya girgiza kai ya yi tambaya iri ɗaya. Na ƙarshen ma dariya ya yi. Muka fito bakin titi, na nufi tashar metro, shi ya tsaya.

"Je ka, ɗana. Ni da ƙafa zan koma."

"Baba, daga nan zuwa Arba wa Nus?"

"Idan na zauna a mota kaina zai fashe."

Sai bayan la'asar sakaliya ya isa gida, ƙafafunsa sun kumbura. Mahasin ta zuba masa ruwan ɗumi a roba, ba ta tambaye shi komai ba, don ta ga jakar da nauyinta.

Sati bai zagayo ba ya sake kirana. Ya ce ya gyara ɓarnar. Maƙerin azurfa ya san yadda ake baƙanta ta: ya dafa ƙwai, ya farfasa, ya rufe sulallan tare da shi a cikin gwangwani har suka yi duhu. Muka koma. Ya ajiye su gaban Ustaz Isam ya ce da Larabcinsa na Sudan, "Ga su, na mayar musu da baƙinsu."

Ustaz Isam ya ɗauki guda, ya kai hanci, ya fashe da dariya har da tari. "Wannan baƙin na shekaranjiya ne, har warin ƙwai yake yi. Ka ga, kai ba mayaudari ba ne, tunda da bakinka ka faɗa. Zauna, ya Hajj. Don Allah zauna. Ina ka samo su?"

Bai zauna ba, amma ya ba da labarin mutumin Garwa. Ustaz Isam ya saurara, ya daina dariya. Sannan ya jera sulallan ya shiga nuna masa. Bayansu duka mikiya ce iri ɗaya, alamar daular Jamus bayan ta haɗe, amma gabansu ya bambanta, don kowane sarki an bar shi ya sa fuskarsa a kuɗin ƙasarsa. Ya nuna masa ƙaramin harafin da ke faɗin garin da aka buga kowace. Ya ɗauko wata wadda ba fuskar kowa a kanta, sai zakuna biyu riƙe da garkuwa mai hoton ƙofar gari.

"Wannan ta Hamburg ce. Birni ne na 'yan kasuwa, ba su da sarki. Daga tasharsu jirage ke tashi zuwa Kamaru. Mai yiwuwa ta haka ta bi ta isa hannun kakanka."

Baba Sulaimanu ya karɓe ta, wannan karon ta gefe, yadda ya ga ana yi. "Ta teku ta zo, ta bi daji, ta ratsa Chadi a ƙugun mutum," ya ce da ni da Hausa. "Ashe ta fi ni yawo."

Daga ranar wani sabon zazzaɓi ya kama shi. Kowace Asabar yana gindin teburin Ustaz Isam yana tambaya. Ya koyi cewa kafin Jamus ta fara buga kuɗinta mai suna mark akwai wani babban kuɗin azurfa da ake kira tala, kuma daga sunansa aka samo dala. Wannan ya yi masa daɗi ƙwarai. Duk ɗalibin da ya gani daga Najeriya ko Nijar sai ya tare shi ya ce, "Ka san dalar da kuke faɗa daga ina ta fito?" Ya riƙa kirana ina tsakiyar darasi don in duba masa wata masarauta a waya. Wani lokaci kuma sai ya ce yana tuna abubuwan da suka wuce ta kaskonsa a Umdurman, masu mikiya, masu doki, bai taɓa tsayawa ya dubi ko ɗaya ba.

A ƙarshe ya sayar da na Prusiya, ya riƙe ta Hamburg da mai dogon gemu. Kuɗin ya isa fitilar narka ƙarfe da awartaki kawai. Ya kafa a saman bene yana liƙe zobba da 'yan kunne na matan unguwa. Amma aikin da ya yi ta kuka a kansa, da ya samu, bai riƙe shi ba. Hankalinsa ya koma wani wuri. Ya lura matan Sudan da yawa sun tsero da azurfar gado, kuma haya na tilasta musu kai ta Sagha a auna a narkar. Sai ya shiga bin gidaje, Ain Shams, Faisal, Ard el-Liwa, har birnin Oktoba, duk inda ya ji akwai tsohuwa mai tsofaffin riyaloli. Saƙonsa ɗaya ne: kada ki wanke, kada ki huda, kada ki kai wa mai sikeli sai an duba.

Ba kullum abin ke yin kyau ba. Galibi abin da suke da shi riyalolin nan ne masu hoton wata sarauniyar Turawa, waɗanda suka cika duniya, kuma an riga an liƙa musu maɗauri an yi sarƙa da su. Ustaz Isam ya duba ya ce nauyin azurfa ne kawai. Wata mata daga Kosti ta zage shi tas a gaban jama'a don ya sa ta ɓata yini da kuɗin mota a banza. Ya biya ta daga aljihunsa, washegari ya fita neman wata.

Abin da ya fi tayar mana da hankali ya faru ne a Sagha. Yana wucewa ya hango wata tsohuwa 'yar Nyala a cikin wani shago, an zube mata sulalla a sikeli. Ya kutsa kai ba sallama, ya ce mata da Hausa, don ya ga zanen fuskarta, "Inna, dakata, kada ki sallama." Mai shagon ya fusata, ya ce ɓarawo ne ya zo ɓata masa ciniki. Aka turo shi waje, ya faɗi a kan dakali, tabaransa ya karye, leɓensa ya fashe. Mutane suka taru, wani yana cewa a kira 'yan sanda, shi kuwa iƙamarsa ta ƙare bai samu sabuntawa ba. Allah ya sa tsohuwar ta kwashe kayanta ta fito ta tsaya a kansa, ta ce ɗan'uwanta ne. A cikin sulallanta an samu tala biyu na Jamus da ba a taɓa ba. Abin da Ustaz Isam ya ba ta a kansu ya fi abin da mai sikeli ya yi mata tayi a kan duka.

Da na je duba shi, Hadeel ce ke shafa masa magani a leɓe, tana kuka tana faɗa. "Baba, idan aka kama ka aka mayar da kai iyaka, mu yi yaya? Don kuɗin wata da ba ka sani ba?"

"Da an narkar da su," ya ce, bakinsa a karkace.

"To a narkar mana! Ina ruwanka?"

Ya kwana biyu a gida kamar wanda aka ɗaure, a na uku Mahasin da kanta ta ce ya fita, ya ishe ta da zirga-zirga tsakanin taga da ƙofa.

Akwai lokacin da ya matsa mini da tambayar hanyar Garwa: idan mutum ya sauka Kano, kwana nawa zuwa Yola, daga Yola ana samun mota? Ya ce yana so ya tsaya a kasuwar da aka ba kakansa kuɗin nan. Na yi masa bayanin biza da kuɗin jirgi, ya saurara, ya ce khalas, shi ke nan, sai wani jiƙon. Bayan kwana kaɗan ya sake tayar da maganar.

Bara, da aka fara samun jiragen ƙasa masu kwashe mutanen Sudan da ke son komawa gida daga tashar Ramsis zuwa Aswan, ya rubuta sunansa bai yi shawara da kowa ba. Mahasin ta ce ita ba inda za ta, ba ruwa ba wuta a unguwarsu, kuma Hadeel ta fara koyon aikin jinya. Suka yi kwanaki ba sa magana sosai. Daga baya ta soya masa gyaɗa, ta ɗaure masa busasshiyar kuɓewa da garin shayi. Ya ce zai je ya ga abin da ya rage na shagon ne kawai ya dawo. Sulallan nan biyu ya bar su a hannunta.

Ni da Ustaz Isam muka raka shi tasha. Mutane sun cika dandamali da katifu da buhuna, mata na guɗa, wasu na kuka. Ustaz Isam ya rungume shi ya ce, "Idan ka samu wani abu a can, ka san dai abin da ba za ka yi masa ba." Baba Sulaimanu ya yi dariya ya shige. Kafin jirgin ya motsa na hango shi ta taga, ya bar kujerarsa yana taya wata mata ɗora kaya.

Yanzu saƙon murya yake turo mini, idan ya samu inda waya ke kamawa. Shagon ba rufi, ba ƙofa, ciyawa ta fito a inda yake ajiye kasko. Ya share, ya kafa rumfar buhu, ya yi kwanaki yana gyara wa mutane makullai da tukwane. Ya ce waɗanda suka dawo suna tono abin da suka binne a tsakar gida kafin su gudu, shi kuma yana bi yana dubawa. A saƙon da ya turo makon jiya iska na kaɗawa, ana jin ƙarar babbar mota. Ya ce yana hanyar Madani, an gaya masa akwai wata gwaggonsa da ta rayu, daga can wataƙila ya leƙa Gadarif, in gaya wa Mahasin kafin azumi yana tafe.

Na je Arba wa Nus na kunna mata. Tana zaune tana daka itacen sandal na turare a turmi, ta saurara har ƙarshe, ta ce in sake kunnawa. Da ya ƙare ta goge hannu a zaninta.

"Muryarsa ta yi ƙarfi," ta ce. "Ka ce masa maganin hawan jininsa ya kusa ƙarewa, ya nemi wani a Madani kada ya ce ya manta. Kuma ka tambaye shi wane azumin yake nufi."